Fada Ta Ce, Sama Ta Hana: Wai Ina Mai Maganar?

Shekarar da mahaifina ya ajiye aiki, ni na riƙa yi masa zirga-zirgar takardun fansho, saboda gwiwarsa ta fara ciwo, hawan bene ya zame masa aiki. Wata bakwai ina sintiri a wani ofis. Duk ranar da na je, akwai wani bawan Allah mai fara'a a tebur na farko, mu gaisa, ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce mini, "Fayil ɗinku yana sama." Da fari na ɗauka bene yake nufi, don ginin hawa biyu ne. Ran nan na gaji, na hau. Na tarar da wani dattijo shi kaɗai da tulin takardu an ɗaure su da zare. Ya duba, ya ce, "Ai sama ba ta sa hannu ba tukuna." Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka faɗa mini sunan wanda zai sa hannun, in je in roƙe shi, tsohon nan ba shi da lafiya." Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan takardunsa, ya ce, "Malam, ai ka san yadda abin yake." Na sauko ban ji sunan kowa ba.

Ni malamin Hausa ne a sakandare. A makon da wannan ya faru, darasin da nake yi da 'yan aji biyar shi ne adon harshe, kuma mun iso kan kinaya. Na tsaya gaban allo ina rubuta musu cewa idan an ce "wane ya samu rawani" sarauta ake nufi, idan an ce "ya ci kujera" muƙami ake nufi, suna kwafa, ni kuma zuciyata tana can ofishin nan. Sai na ga cewa abin da nake koya wa yara a matsayin kwalliyar waƙa, shi ne abin da aka tare mini hanya da shi wata bakwai. "Sama" wuri ne, an kira mutum da shi, don kada in san mutumin. Tun daga ranar na sauya ra'ayi kan wannan darasi, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: muna koyar da adon harshe a inda ba ya cutar da kowa, mun bar shi yana cin karensa babu babbaka a inda yake taɓa rayuwar mutane, wato a bakin masu mulki da kanun labarai.

Bari in fara da abin da kinaya take, don ana yawan cakuɗa ta da siffantawa. Idan maroƙi ya ce wa basarake "giwa", ya jingina maganarsa a kan kama: girma, nauyi, kwarjini. Rawani kuwa ba ya kama da sarki ta ko'ina. A kansa yake zaune kawai. Kujera ba ta kama da gwamna, a kanta yake zama. Kaki ba ya kama da soja, shi yake sawa. Ke nan abin da ya haɗa su zaman tare ne, irin na maƙwabta, har sunan ɗaya ya isa a kira ɗayan. Malamanmu na zaure da suka karanta balaga sun fi mu tsefe abin: kiran mutane da sunan garinsu ko kiran abu da sunan wani sashensa suna sa shi a babin majazi, kinaya kuma su keɓe ta ga faɗin abin da ke lazimtar wani abu. Rabewar tana da amfani a wurinta. A nan na tara su duka ƙarƙashin suna ɗaya, kamar yadda muka saba a aji.

Misalin da ya fi burge ni a duk fannin yana cikin hadisin Ummu Zar'i, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha. Mata goma sha ɗaya ne suka zauna, suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai ba na labarin mazajensu. Da aka zo kan ta tara, cikin yabon da ta yi wa mijinta har da cewa mai tarin toka ne. Dubi tafiyar da wannan kalma take sa mai sauraro ya yi. Toka mai yawa, itace mai yawa aka ƙona. Itace mai yawa, girki ba ya yankewa. Girkin da ba ya yankewa, baƙi ba sa yankewa. Wanda baƙi ba sa yankewa a gidansa, to karimi ne. Taki huɗu, kuma kowane taki ƙafarka tana kan ƙasa. Da ta ce "mijina mai kyauta ne" da sai ka ce ai kowace mace haka za ta faɗa. Da ta ce toka, ta ba ka shaida, ta nuna maka inda za ka je ka duba. Haka ma 'yan'uwan Annabi Yusuf da suka koma wurin mahaifinsu, a aya ta 82 ta surar, suka ce ya tambayi alƙaryar da suka kasance a cikinta. Ganuwa da gidaje ba sa amsa tambaya, mutanen garin ake nufi, kuma jimlar gayyata ce: je ka bincika, ga masu shaida.

Mu ma muna da tamu tokar, sai dai ta juye. Ina yaro na sha jin wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga bayan la'asar, ta yi sallama, su gaisa da mahaifiyata, can cikin hira ta ce, "Yau dai ko tukunya ba mu ɗora ba." Ba ta ce yunwa ba. Ba ta ce mijinta ya fita bai bar komai ba. Ta ambaci tukunya kawai. Mahaifiyata ba za ta ce komai a kai ba, za su ci gaba da zancen bikin da ke tafe, amma kafin magariba sai a ba ni kwano a rufe a ce in kai gidan su wance. Tukunyar nan ta rufa wa magidanci asiri, ta kare mutuncin mai faɗa, kuma saƙon ya isa cif, ko ƙwayar gero bai zube a hanya ba. Kakata har ta rasu ban taɓa jin sunan kakana a bakinta ba, "mai gidan nan" take cewa, kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa kan wanda take nufi. Haka "bayan gida", haka "ta sauka", haka "an raba goro". Harshenmu cike yake da wannan, kuma ina alfahari da shi. Wanda duk ya ji na ce a yi hattara da kinaya kada ya zaci ina son mu koma magana gatsau kamar marasa kunya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da mai iko ya ari wannan kunya ya yafa.

Abin tsoho ne ƙwarai. Kalmar Fir'auna kanta, a harshen Misirawan dā, ma'anarta "babban gida". Fadar ake kira, a hankali sunan ginin ya haɗiye mutumin da ke ciki. Mu da muka tashi da rediyo a kunne mun saba da jikokin wannan kalma: fadar White House ta ce, fadar Kremlin ta musanta, Paris ta yi gargaɗi, Tehran ta mayar da martani. A gida kuma dā Barikin Dodan ne a Legas, tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba 1991 sai ya koma Aso Rock. Dutse ne fa, ƙaton dutse da ke bayan fadar. Yau shekara talatin da wani abu dutse yana ba da umarni, yana nuna damuwa, yana jajanta wa iyalan waɗanda abin ya shafa. A jiha kuma "gidan gwamnati" ne yake yin wannan aiki.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, don ya fi duk wani bayani ƙarfi, shi ne lokacin da ake fito da suna da lokacin da ake mayar da shi aljihu. Je ka bakin sabuwar gada ko rijiyar burtsatse. Za ka ga allo, da hoton mutum, da cikakken sunansa, da laƙabinsa, da sarautarsa, wani lokaci har da sunan wanda ya kawo shi. Babu wanda ke rubuta "gidan gwamnati ne ya gina". To bari albashi ya yi jinkiri, ko a rushe wa 'yan kasuwa rumfuna, ko a ƙara kuɗin makaranta. Nan take mutanen nan masu hotuna sai su ɓace. Sai ka ji "hukuma ta yanke shawara", "ma'aikata ta ga ya dace", "umarni ne daga sama", a 'yan shekarun nan kuma an samu sabon mafaka, "na'ura ce ta cire sunanka". Aikin alheri da sunan yanka ake kiransa, ɓarna kuwa sai a jingina ta ga gini, ko tebur, ko kwamfuta, abubuwan da ba a kai su ƙara, ba sa tsayawa zaɓe, ba sa jin kunyar haɗuwa da kai a masallaci.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Tinubu ya faɗi gajeriyar jimlar da kowa ya haddace, wadda gidajen rediyo suka fassara da cewa tallafin mai ya tafi. Ba ina muhawara a nan kan ko cire tallafin daidai ne ko kuskure ba, masana tattalin arziki sun yi ta. Ginin jimlar nake kallo. Tallafi ne ya tafi, kamar baƙon da ya yi sallama ya ɗauki jakarsa. Babu wanda ya cire shi a cikin jimlar. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma sai aka ci gaba da magana da irin wannan salo: farashi ya tashi, naira ta faɗi, kasuwa ta ƙi. Duk abubuwa ne ke motsi da kansu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 mutane suna taron Mauludi aka sako musu bam, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya gawa 85. Yadda labarin ya zauna a bakin jama'a shi ne "jirgi marar matuƙi ya kai hari bisa kuskure". Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne, wannan kuma abin a faɗa ne. Amma saurari jimlar da kyau. An kira mai aiki da sunan kayan aikinsa, kamar yadda muke cewa "alƙalami ya rubuta", sannan aka ƙara da cewa kayan aikin ba shi da matuƙi. Jirgin ba shi da mutum a cikinsa, gaskiya ne. Yana da wanda ya dubi hoto a allo, da wanda ya ce waɗannan 'yan bindiga ne, da wanda ya ba da izini. Uwar da ta binne 'ya'yanta ba za ta iya tambayar jirgi dalili ba. Duk ranar da muka maimaita jimlar yadda aka ba mu ita, mun taya a nesanta ta da wanda ya kamata ya dube ta ido da ido.

Akwai kuma wata fuskar, wadda ita ce ta fi kusa da mu Hausawa, domin iyaka ta ratsa ta tsakiyar gidanmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, shugabannin ECOWAS sun taru a Abuja ranar 30 ga wata, suka ba sojojin Yamai mako guda su mayar da shi kan mulki, aka rufe iyakoki, aka katse wutar lantarkin da ke tafiya can. Kanun labarai suka cika da "Najeriya ta yanke wa Nijar wuta", "Nijar ta yi watsi da wa'adi", "Najeriya na shirin yaƙi da Nijar". Wace Najeriya? Jihohi bakwai ne ke jingine da wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Mutumin Jibiya da surukansa ke Maraɗi, ɗan kasuwar Illela da rabin cinikinsa daga Ƙonni yake zuwa, mai awon hatsi a Maigatari, babu wanda aka tambaya cikinsu. Majalisar Dattawa ma ta ba da shawarar kada a yi amfani da soja. Tawagar malamai ta tafi Yamai neman sulhu, Sanusi na biyu, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne, ya je ya gana da Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin. Duk waɗannan Najeriya ne, amma kalmar "Najeriya" a kanun labarai mutane ƙalilan take nufi, a wani ɗaki a Abuja. "Nijar" ma haka, wasu hafsoshi ne a wani ɗaki a Yamai.

Na ga inda wannan ya sauka da idona. A teburin mai shayin unguwarmu akwai wani ɗan ga-ruwa, mutumin ƙasar Damagaram, ya fi shekara goma yana tura kura a layinmu, yaranmu duk sun san shi. Wata safiya cikin watan Agustan nan rediyo na kan tebur, aka karanta labarai, sai wani matashi ya juya ya ce masa, "Ku Nijar taurin kai ne da ku, an ba ku wa'adi kun ƙi ji." Mutumin ya ajiye kofinsa, ya ce, "Ɗan'uwa, ni wa ya ba ni wa'adi? Tun asuba ruwa nake kai wa gidajenku." Aka yi tsit. Daga baya ya faɗa mini cewa tsohuwarsa ta kira shi a waya hankalinta a tashe, tana cewa ya dawo gida tunda Najeriya ta kashe musu wuta kuma tana shirin kawo musu yaƙi, kada su cutar da shi. A can an ɗauki mai shayinmu da matashin nan da ni duka an zuba mu cikin kalma ɗaya, a nan ma an yi wa ɗanta haka. Sai ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, amma maganar da aka shuka a zukata ba a ɗage ta da sanarwa.

Wannan ita ce kinayar da ke kiran kaɗan da sunan duka, kuma ita ce mai jawo jini. "Arewa ta ƙi amincewa": mutum goma sha biyu ne suka kama ɗaki a otal a Kaduna suka kira 'yan jarida. "Kudu ta ce": haka. Daga nan taki ɗaya ne zuwa kiran ɓarayin daji da sunan ƙabila. Wanda ya tare hanya ya sace mutane yana da suna, yana da daba, sau da yawa jami'an tsaro da mutanen ƙauye sun san sunan. Amma sai a bar wannan a ce "Fulani", sai mai tallar nono da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ta ji kasuwa ta yi mata zafi. A wasu sassan ƙasar kuwa ba a ma rabewa, duk mai doguwar riga da hula sunansa ɗaya. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida Kano, aka zarge su da garkuwa da mutane, aka kashe 16. Ba na cewa kalma ce ta kunna wutar. Ina cewa kafin taron jama'a su iya yi wa baƙon da ba su taɓa gani ba irin wannan, sai an daɗe ana koya musu cewa shi da mai laifin suna ɗaya suke amsawa. Kuma kada mu yi saurin nuna yatsa, don mu ma a majalisunmu muna yi wa wasu irin wannan jam'i.

Na san abin da abokaina 'yan jarida za su ce, kuma suna da hujja. Kanun labari ba ya ɗaukar sunaye goma. Wani lokaci majiyar da ta ba ka labari za ta rasa aikinta idan ka ambace ta, dole ka ce "fadar ta ce". Sannan akwai inda hukumar ce da gaske take magana: idan an ce kotu ta yanke hukunci, daidai ne, domin alƙali ba da ra'ayin kansa ya zauna ba, kuma duk da haka sunansa yana kan takardar ga mai son gani. Na yarda da duk wannan. Ban ce a hana 'yan siyasa jar hula ko tsintsiya ko lema ba. Tun zamanin tauraron NEPU da fartanyar NPC, zuwa makullin PRP da gida da masarar NPN, talakan da bai yi boko ba da alama yake gane jam'iyyarsa, kuma idan an ce "'yan santsi" ko "'yan taɓo" a Kano kowa ya san ɓangaren da ake nufi, ya san shugabanninsa da sunayensu. Ma'aunin da nake riƙe da shi guda ne, kuma daga tokar nan na samo shi: idan ka bi kalmar taki-taki, tana kai ka ga mutum? Toka ta kai ka ga mai gida da baƙinsa. Tukunya ta kai mahaifiyata ga gidan da ake kwana da yunwa. "Kotu" tana kai ka ga alƙali mai suna. "Sama" kuwa na bi ta har bene na biyu, ta ce mini akwai wata saman.

A nan ne laifinmu malamai yake, kuma da kaina zan fara. Shekara da shekaru abin da nake yi shi ne in ba yara jerin sunaye: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, alamtarwa, kambamawa, kinaya. In ba su ma'anar kowanne da misali biyu. Ranar jarrabawa a kawo baiti, a ja layi ƙarƙashin wata kalma, a ce wane irin adon harshe ne wannan, ga zaɓi huɗu. Yaron da ya canka daidai ya ci. Babu wanda ke tambayarsa me ya sa mawaƙin ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, me ta fito da shi, me ta danne, wa ta amfana. Mun mayar da nazari aikin liƙa lamba a jikin kaya. Ko sunan da muka ba fannin yana taimaka wa wannan sakaci. Da ka ce "ado" sai yaro ya ɗauka lalle ne da kwalli, abin da za a iya wankewa maganar ta tsaya yadda take. Alhali makaɗan fada da muke nazarin waƙoƙinsu sun san ba haka ba ne. Mawaƙin da ya yi habaici ga ɗan sarkin da ya nemi rawani ya rasa, bai ambaci suna ba, amma ya san duk fada za ta gane, ya san kuma ba za a iya kama shi da laifi ba. Makami ya riƙe, da saninsa. Mu ne muka karɓe shi daga hannunsa muka rataye a bango muna nuna wa yara kyan kubensa.

Ba waƙa nake so a fitar daga aji ba, Allah ya kiyaye. A waƙa kunne yake koyon jin nauyin kalma, kuma yaron da bai taɓa tsayawa kan baiti ɗaya na minti ashirin ba, ba zai iya tsayawa kan jimlar kakakin gwamnati ba. So nake a buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan biyu. Duk darasin da aka yi a kan baiti, a biyo shi da jawabin wani shugaba, ko sanarwar wata hukuma, ko kanun labaran safiyar ranar. Masu tsara manhaja da masu fitar da tambayoyin jarrabawa su ne za su iya sa wannan ya zama dole, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. 'Yan jaridarmu na Hausa kuma, waɗanda miliyoyin mutane ke ɗaukar lafazinsu daga Agadas har Kumasi, ina roƙonsu abu ƙarami: kanu ya ce "fada" in ya so, amma jimla ta biyu ta faɗi wanda ya yi maganar da muƙaminsa. Idan kuwa an hana sunan, a gaya wa mai sauraro cewa an hana. Kuma idan gwamnati ake nufi a ce gwamnati, a bar wa talakawan ƙasar sunan ƙasarsu.

Ban jira manhaja ba. Yanzu duk ranar Litinin kowane ɗalibi yana zuwa da jimla ɗaya da ya ji a rediyo ko ya gani a waya, mu rubuta a allo, mu yi mata tambaya uku: wa ya yi aikin, an faɗi sunansa, in ba a faɗa ba wa ya huta? Makonnin farko sun sha wuya, don sun saba a ba su amsa. A mako na huɗu wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Jimlarta ba daga rediyo ta zo ba. Ta ce ranar Juma'a an koro ƙanenta daga makarantarsu, an ce "ofis ya ce" duk wanda bai biya kuɗin jarrabawa ba ya tafi gida, alhali babansu ya biya, rasit ɗin yana hannunta. Na ce to me kika yi? Ta ce ta raka shi da safe kafin ta zo, ta nuna rasit, aka sake ce mata ofis ne. "Sai na ce musu, Malam, don Allah a ofis ɗin wa zan gani?" Ajin ya yi shiru ana jiran ƙarshen labarin. Ta ce an tura ta wurin wani mutum a ɗaki na biyu, ya buɗe littafi, ya ga an tsallake sunan yaron wajen kwafa, ya gyara da biro, ƙanenta ya shiga aji.